Gajeren Sarkin Raihanatu

Ranar Juma'a ce cikin watan Maris, lokacin cirar albasa. Da na dawo daga sallar asuba na sami 'yata Raihanatu a tsakar gidanmu a Jega, ta shimfiɗa tabarma ta jera 'ya'yan ces, wasan nan na sarki da sarauniya da dawaki, a kan allonsu. Ita kaɗai take wasa, in ta motsa fari sai ta juya allon ta motsa baƙi. Shekararta goma sha uku. Washegari za ta Maiyama gasar 'yan makarantun Jega da Aliero da Maiyama, gasarta ta farko, kuma babu wanda bai san sharaɗin da ke kanta ba a gidan. Idan ta shiga cikin ukun da za a kai Birnin Kebbi, za ta ci gaba da wasanta. Idan ba ta shiga ba, yayana Malam Zakariyya zai karɓe allon, magana ta ƙare. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma a gabansa na amsa sharaɗin.

Da hantsi ta tafi makaranta ba ta shanye kokonta ba. Mahaifiyarta Murjanatu ta bi ta da faɗa har zaure saboda kwanon da ta bar wa ƙudaje. Ni ma na wuce wurin aiki. Malamin gona ne ni, yankina ya haɗa wasu ƙauyukan Jega da na Aliero.

Bayan an sauko daga Juma'a na ɗauke ta a babur muka shiga kasuwa neman biro, don an ce a gasa kowa da hannunsa yake rubuta motsin da ya yi. Ta sa na saya mata ɗanyen mangwaro da yaji. Da muka zo layin masu kaji ta zagaya ta bayana ta riƙe rigata, domin duk faɗin bakinta tana tsoron talotalo. Na tsokane ta cewa mai shirin karya yaran ƙananan hukumomi uku ce tsuntsu ya kora. Ta ce ai talotalo ba ya bin doka.

Da la'asar muka zauna wasa. Ta bar mini fari, kamar kullum. Na tura sojan da ke gaban sarkina gida biyu. Ta tura wanda ke gaban sarauniyarta ya tsaya masa a wuya. Na ci nata, sarauniyarta ta fito tsakiyar allo ta ci nawa. Masu wasa suna kiran wannan buɗi Sikandinebiya, kuma shi take yi duk lokacin da baƙi ya faɗo mata. Na sha gaya mata cewa littattafai sun yi gargaɗi a kan fito da sarauniya da wuri. Ranar ma na maimaita.

Ta ce, "Baba, sarauniya in ba ta hita kasuwa ba, wa ka sanin tana gari?"

Sunan da ta sa wa buɗin ke nan, sarauniya ta fita kasuwa, kuma duk 'yan ƙungiyar ces ta makarantarsu da shi suka san shi. In tana tunani takan sa gefen hijabinta a baki ta riƙa tauna. In ta ga nasara sai ta saki hijabin ta fara wani ɗan guna-guni a maƙogwaro, ba ta ma sanin tana yi. Ban kai ga fito da 'ya'yana duka ba na ji gunin ya fara.

Dab da magariba Malam Zakariyya ya shigo sashenmu zai yi alwala. Ya tsaya a kanmu da buta a hannu, ya dubi allon.

"Gobe ne ko, Raihanatu?"

"Gobe ne, Baba Malam."

"To. Magana tana nan inda munka aje ta."

Bayan isha'i ta zuba garwashi a dutsen guga ta goge kayan makarantarta, ta rataye su a ƙusa, ta kwanta. Iyakar ranar ke nan.

Allon nawa ne tun asali. Ina ɗalibi a jami'a a Sakkwato na same shi wurin wani abokin karatu, na katako ne, allo da 'ya'yansa. Da na yi aure ya shiga ƙasan akwati. Tana da shekara tara ta tono shi garin neman tsofaffin hotunana, ta dame ni sai na nuna mata yadda ake yi. Ni ba gwani ba ne. Kafin shekara ta zagayo ta daina tambayata, sai dai ta ba ni shawarar inda ya kamata in saka kafin ta cinye ni. A sauran al'amura yarinya ce kamar kowace. Rubutunta kamar kaza ta yi tonon shara, tuwonta da gudaji, kuma ba ta iya riƙe dariya a wurin da bai kamata ba. Amma in ta zauna gaban allon sai ta natsu har a yi sallama ba ta ji ba.

Ba a daɗe da fito da allon ba Malam ya gan shi. Ya kira ni zaure, inda yake karantar da ɗalibansa, ya ce in zo da kayan. Ya zazzage su a kan buzu yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shaɗaranji ne, sunan wasan a littattafansu, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma shi ba zai tsaya jayayya da ɗan boko ba. Amma abu biyu ba za su kwana a gidan mahaifinsa ba: gicciyen da ke kan sarki, da siffar mai rai da ke jikin dawaki. Ya ce siffa in an raba ta da kai ta koma itace. Ya zaro wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita ya sare kawunan dawakin nan huɗu. Da ya zo kan farin sarki, katakon ya tsufa, sai ya tsage, gicciyen ya tafi da hular gaba ɗaya. Ya dubi abin, ya ɗauki baƙin sarki ya yanke shi daidai wurin, yana dariya yana cewa a yi adalci tsakanin sarakuna.

Daga ranar sarki ya zama gajere a gidanmu, sarauniya ta fi kowa tsawo a kan allo. Raihanatu ba ta yi kuka ba. Ta kwashe kayanta ta je bakin rijiya ta goge wuraren yankan da dutse, don kada su riƙa kama mata hijabi.

Da ta shiga sakandare, malamar lissafinsu, Malama Rakiya, ta kafa ƙungiyar ces. Makarantar ba ta da allo. Na Raihanatu ake amfani da shi, ita ke ɗaukarsa cikin tsohon buhun shinkafa duk Laraba. Saboda haka shekara huɗu tana wasa hannunta bai taɓa taɓa wasu 'ya'yan ces ba sai waɗannan. Da takardar gasa ta zo, Malam ya ce atafau, budurwa ba za ta bar gari ta je ta zauna gaba da gaba da 'ya'yan mutane maza ba. Malama Rakiya ta zo da kanta ta durƙusa masa, ni ma na yi ta bi. Daga ƙarshe ya kawo sharaɗin nan, kuma bai ɓoye ba cewa ya kawo shi ne don ya tabbata ba za ta ci ba.

Ranar Asabar ba ni Maiyama. Ina ƙauyen Danwarai tare da manoma, muna duba yadda ake shanya albasa kafin a ɗora ta a rudu, rumbun ajiyarta. Abin da ya faru a ɗakin gasar na tattara shi ne daga bakin Malama Rakiya, da bakin Balkisu ƙawar Raihanatu, da kuma bidiyon da wani ya ɗauka da waya.

A babban ɗakin taro na wata makaranta aka yi. Alƙalin wasan daga Birnin Kebbi ya zo, da sababbin kaya na roba, manya masu nauyi, kowane tebur da agogonsa mai maɓalli biyu. Raihanatu ba ta taɓa wasa da agogo ba. Aka haɗa ta da wani yaro ɗan Maiyama mai suna Yasir, baƙi ya faɗo mata. Balkisu ta ce da Raihanatu ta ga haka sai ta waiwayo ta ɗaga mata gira.

Yasir ya tura sojan gaban sarki. Ta tura na gaban sarauniya. Ya ci, ya danna agogo. A bidiyon ana ganin idonta a kan agogon, tana kallon lambobin suna raguwa, hannunta kuma ya tafi da kansa inda ya saba zuwa, kan wanda ya fi kowa tsawo. Ta ɗaga shi. Sai da ta kai shi tsakiyar allo ta duba ta ga gicciye tsakanin yatsunta. Ta mayar da sauri ta ɗauki sarauniya.

Yasir ya ɗaga hannu bai ko dube ta ba.

Dokar gasa ita ce abin da ka taɓa shi za ka motsa, muddin yana da gidan zuwa. Sarkinta yana da gida ɗaya, wanda sojan nan ya tashi daga kai, a gaban sarauniya daidai. Alƙalin ya zo ya ji bayani. Raihanatu ta ce masa a hankali, a gidansu dogon shi ne sarauniya. Ya sa ta maimaita da ƙarfi. Ta maimaita. Ya tambaya wane irin gida ne wannan da mace ta fi maigida tsawo, manyan da ke tsaye a bango suka yi dariya. Daga nan ya sa aka tsayar da agogon kowa, ya ce duk yara su taso su ga abin da ba a yi, don ya zama darasi. Suka kewaye teburin. Ya ce ta ɗauki sarkin. Ta ɗauka. Ya ce ta ajiye shi inda doka ta ce. Ta ajiye shi a gaban sarauniyarta, ya toshe mata hanya, shi kuma ya tsaya a fili ba mai kare shi. Ya tambaye ta wa ya koya mata wasa.

Wani yaro ne daga makarantarsu, wanda da allonta ya koyi wasan, ya ce, "Yau dai sarki ya hita kasuwa."

Ɗakin ya ɗauka. A nan bidiyon ya fi rawa, don mai ɗaukar ma dariya yake yi.

Ba ta tashi ba. Ta sa gefen hijabi a baki ta ci gaba. Amma sarkin da ya fito tun motsi na biyu ba ya komawa, Yasir kuwa ba makaho ba ne. Ya yi ta korarsa daga gida zuwa gida har ya rufe shi. Su ne teburin farko da suka gama. Da ta fito baranda yaran da ke jiran nasu wasan suka bi ta da tafi, suna rera maganar nan kamar waƙar gaɗa. Malama Rakiya tana ciki wurin ƙananan ɗalibanta.

Raihanatu ta ɗauka gasar irin ta ƙwallo ce, in an ci ka sau ɗaya ka fita. Ba wanda ya yi mata bayani cewa zagaye biyar ne, kowa zai buga duka, a tara maki a ƙarshe. Yarinyar da ta zo ta uku a ranar ita ma an ci ta sau ɗaya.

Ta ja Balkisu bayan aji ta ce, "Kar ki gaya ma Malama. Za ni gida in kai allona Gehuru wurin Gwaggo kahin Baba Malam shi ji."

Gwaggon ƙanwata ce, tana aure a Gehuru, kuma ba ta taɓa hana Raihanatu komai ba. Balkisu ta ce ta roƙe ta ta jira motar makaranta, Raihanatu ta ce kafin yamma bidiyon ya riga ta isa Jega. Ta fita ta ƙofar baya ta tsayar da ɗan kabu-kabu, mai babur na haya, a bakin titi.

Tsakanin Maiyama da Jega, a wata kwana, babbar mota ɗauke da albasa mai zuwa Kudu ta fito za ta wuce wata. Garin kauce mata ɗan kabu-kabun ya faɗa rami ya karye a ƙafa. Waɗanda suka ɗauki Raihanatu sun ce ba ta shura ba. Wajen azahar ne. A daidai lokacin an shiga zagaye na biyu a ɗakin gasa. Alƙalin ya kira sunanta, ya danna mata agogo a gaban kujerar da babu kowa, ya jira lokacin ya cika, ya ba abokin karawarta nasara. Haka ya yi a zagaye na uku. Malama Rakiya tana ta zagaye makarantar tana leƙa azuzuwa, Balkisu tana riƙe da amanar da aka ba ta. Wani direba ɗan unguwarmu ne ya gane ta a bakin hanya ya kira ni. Kafin magariba mun kai ta makwancinta.

Malam Zakariyya ne ya zauna a kan tabarmar gaisuwa, ni ina gefensa. Duk ayarin da ya zo, bayan addu'a, sai ya ba su labari. Ya ce ya hana, aka nuna masa boko ya fi shi sani. Yarinya ta bar gidan ubanta saboda shaɗaranji, ga abin da Allah ya hukunta, mai 'ya'ya ya ɗauki darasi. Mutane suna gyaɗa kai suna cewa Allah shi kyauta. Wasu suna satar kallona.

A rana ta biyu na ji dariyar. Wasu samari ne a ƙarshen tabarma suka haɗa kai a kan waya, sun rage murya amma ba sosai ba. Bidiyon ya zagaye gari. Wani ya rubuta Allah ya jiƙanta a samansa da manyan baƙaƙe, amma bai cire sautin ba. A nan na fara ganinsa, don na miƙa hannu suka ba ni. Na kalla har ƙarshe na mayar musu.

Mahaifin Yasir ya zo daga Maiyama da yaron. Mutumin kirki ne a fuska. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce ɗansa bai ci abinci ba tun ranar, ga shi kuma shi ya zo na biyu, za su Birnin Kebbi, yana so in sa masa albarka don hankalinsa ya kwanta. Ya ce doka ce, yaro bai yi laifi ba. Na ce haka ne. Haka ɗin ne kuwa. Na ɗora hannu a kan yaron na ce Allah ya ba da sa'a. Bai ɗaga kai ba har suka fita.

Da yammacin ranar, mutane sun ragu, na bi Malam cikin zaure. Na gaya masa yadda kuskuren ya faru, daki-daki, ban ɗaga murya ba. Na ce a wajenta dogon shi ne sarauniya, kuma ya san dalili. Ya saurara har na gama yana jan carbi.

Ya ce, "Ajali ne, Jibrin. Ko kana son ka ce wuƙata ta kashe ta?"

Na ce ban ce ba.

"Da ba a kawo shi gidan ga ba, mi zan yanke?"

Ya tashi ya fita alwala.

Da safiyar ranar sadakar bakwai aka raba kayanta. Murjanatu da Gwaggo suka zazzage akwatin a tsakar ɗaki. Hijabai da atamfofi aka ɗaure wa 'ya'yan dangi na Gehuru. Kayan makaranta na canji aka ba 'yar maƙwabta da za ta shiga aji ɗaya. Littattafai aka aika wa Balkisu, mahaifiyarta ta dawo da su ta ce yarinyar ba ta iya kallonsu, sai aka kai makaranta. 'Yan kunnenta Murjanatu ta ƙulle a bakin zane. Buhun shinkafar yana jingine a bayan ƙofa inda ta bar shi, ba wanda ya taɓa.

Malam ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Ya tambaye ni, a gaban matan, ko yarinyar ta shiga cikin ukun. Na ce ba ta shiga ba. Ya ce to alkawari kaya ne, kuma da bakina na amsa. Gwaggo ta ce ai wurinta yarinyar take kawo shi, a bar mata ta tafi da shi Gehuru, ba zai ƙara ganinsa ba. Ya ce mamaci sauƙi ake nema masa, duk wanda ya zauna ya yi wasa da abin nan a kanta za a rubuta, shi kuwa ba zai bari a ƙara wa ɗiyarsa nauyi a kabari ba. Ya shigo ya ɗauki buhun.

Murjanatu ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ta gidan. Ta ce daga inda take zaune, kanta a ƙasa, "Yaya Malam, ka bar man ko guda."

Ya ce guda shi ke kiran sauran.

A bayan gida mata sun ɗora manyan tukwanen tuwon sadaka. Ya je ya juye buhun a bakin murhu ya ce a tura 'ya'yan. Wadda ke iza wutar ta tura. Katakon ya bushe shekara da shekaru, ga man fenti a jikinsa, nan da nan ya kama. Tuwon ne aka fito da shi da azahar, mutane suka ci suka yi mata addu'a.

Allon kuwa ya juya shi a hannu ya ƙwanƙwasa, ya ce katako ne mai kyau, ƙona shi almubazzaranci ne. Ya kife shi a bakin randar da ke zaure, gidajen suna kallon ruwa. Yana nan har yau. Fentin baƙaƙen gidajen ya fara tashi saboda laima, duk wanda zai sha sai ya kawar da ɓarɓashin da gindin moɗa kafin ya ɗiba.